Amsa ga ƙanenmu mai son naɗar waƙoƙin karkara

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da dare. Ku yi haƙuri, murya zan yi, don in na ce zan rubuta wannan da yatsa sai asuba ta same ni.

Ƙanena, na ga tambayarka tun da rana ina kan hanya. Ka ce waƙoƙin da mutanen karkara ke yi tare, a gona ko a wajen aiki ko da daddare, suna ƙarewa, kuma kana zargin waya da waƙoƙin zamani ne suka ɗauke hankalin yara. Ka ce kana son ka riƙa bin tsofaffi kana naɗa kana ɗorawa a YouTube, kana tambaya ko hakan zai cece su. Hajiya kuma ta ce maka zamani ne, a bar shi. To Hajiya, Allah ya ƙara girma, ban ƙi taki ba, amma bari mu leƙa cikin zamanin nan mu ga ainihin abin da ya taɓa.

Ni dai ban ɗora wa waya laifin farko ba. Ita ta zo ne ta tarar da marar lafiya ya daɗe a kwance. Yawancin waƙoƙin nan kayan aiki ne, ƙanena, kamar yadda fartanya take kayan aiki. Ko'ina ka duba a duniya haka za ka gani, akwai waƙar niƙa, akwai ta daka, ta shuka, ta girbi, ta tuƙa kwalekwale, ta jan taru, ta lallashin jariri. Ranar da aikin ya tashi, waƙar ba ta da wurin zama.

Bari in ba ka misali ɗaya daga nesa, don wani lokaci abu ya fi fitowa sarai in ka hango shi a gidan wani. A arewa maso yammacin Sikotland akwai wasu tsibirai da ake kira Hebrides, masu magana da harshen Gaelic. Suna saƙa ƙyallen ulu na gashin tumaki. To idan an sauke shi daga masaƙa yana nan sako-sako, iska da ruwa za su ratsa shi, sai an jiƙa shi an bubbuga har ya tsuke ya yi kauri. Wannan aikin gayya ne na mata. Za su zauna kewaye da dogon katako, wani lokaci ma ƙyauren ƙofa ake cirewa a shimfiɗa. A haɗe bakin ƙyallen biyu ya zama zobe. Kowace ta damƙi gabanta, ta maka a katako, ta miƙa wa ta kusa da ita, ta cafko na gaba. Mace ɗaya ke ba da waƙa, sauran suna amshi, kuma amshin sau da yawa sautuka ne kawai marasa ma'ana, abin da ake so shi ne su faɗo daidai da bugun hannu. Yauwa, ga inda abin ke burge ni. Ba da agogo suke auna aikin ba. Babbar cikinsu za ta auna faɗin ƙyallen da yatsa ta ce, da saura, sai ya ƙara shan waƙa uku. Kuma suna camfa maimaita waƙa a zama ɗaya. Ka ga ke nan dole macen da ke bayarwa ta riƙe waƙoƙi da yawa a ka, yarinyar da ke gefe kuma tana kwashewa ba tare da kowa ya zaunar da ita ya koya mata ba. Wajen shekarun 1950 masana'antu suka karɓe wannan aikin. Babu wanda ya hana su waƙa, babu waya, babu intanet. Katakon ne aka daina shimfiɗawa.

Haka aka yi da waƙoƙin masu jan igiya a manyan jiragen ruwa da iska ke turawa. Injin tururi na zuwa, shi ke nan.

Amma fa kada mu yi ta kukan da, kamar da can aljanna ce. A 1933 wani Ba'amurke, John Lomax, da ɗansa Alan, suka ɗora wata na'urar naɗar murya mai nauyin fiye da kilo ɗari a bayan mota, suna yawo a kudancin Amurka suna tattara wa ɗakin karatu na majalisar dokokin ƙasar waƙoƙi. Ka san ina suka fi samun tsofaffin waƙoƙin aiki da ransu? A gonakin gidan yari, irin su Parchman a Mississippi da Angola a Louisiana. Can ne har lokacin ake jera baƙar fata a sahu da gatari da fartanya, daga fitowar rana zuwa faɗuwarta, ba rediyo, ba inji. Waƙar ce ke sa gatura su sauka lokaci ɗaya don kada wani ya sare ɗan uwansa, kuma ita ke daidaita saurin kowa don kada mai gadi ya gane wanda ƙarfinsa ya ƙare ya huce a kansa. In ka saurari faifan nan tsigar jikinka sai ta tashi, wallahi. To amma wa zai ce a dawo da wannan azabar don a ji waƙa? Haka matar da yau ke kai hatsinta inji. Bayanta ya huta, kafaɗarta ta huta. In ka ce mata ta koma kan dutsen niƙa saboda kai kana son al'ada, abin da za ta faɗa maka ba zai saku a wannan zaure ba.

To me ya sa waƙar taro ke kama mutane haka? Sirrin yana wajen amshi. Mai bayarwa ya jefa ɗan waƙa, jama'a su karɓe da gindinta, shi ya samu ya ja numfashi ya kuma ƙirƙiro na gaba. Ba sai ka haddace komai ba. Baƙo ma in ya ji sau biyu, a na uku ya shiga. Shi kuma mai bayarwa yana da fili, ya sa labarin abin da ya faru jiya, ya yi wa malalaci habaici, ya yabi wanda ya yi ƙoƙari, mace ta amayar da abin da ke cinta a rai wanda ba za ta iya faɗa da magana ba. Shi ya sa waƙa ɗaya ba ta fitowa iri ɗaya sau biyu. Har wasu masu bincike a Jami'ar Gothenburg ta Suwidin suka auna a 2013, suka ga mutanen da ke waƙa tare bugun zuciyarsu na hawa da sauka kusan lokaci ɗaya, saboda numfashinsu ya zo ɗaya. Tsofaffi ba su da na'urar awo, amma sun san in an tashi daga irin wannan zama gaba ba ta cika kwana ba.

Inda zan ba ka gaskiya kan na'ura shi ne lasifika. Ita ta fi waya ɓarna a ganina. Da, in ana taron murna, makogwaro hamsin ne ke cika fili. Yanzu akwati ɗaya ya isa, kuma ƙararsa ta danne kowa, ko ka buɗe baki ba ka jin kanka. Sai mutane suka koma 'yan kallo. Daga nan kunya ta shigo. Yaro ya saba jin muryar da aka wanke aka goge a sutudiyo, ya ji tasa, sai ya ce ni ba ni da murya. Kakarsa ba ta taɓa tambayar kanta ko tana da murya ba, kamar yadda ba ta tambayi kanta ko ta iya tafiya ba. Ka haɗa wannan da tafiyar matasa birni neman abinci, sai ka tarar mai bayarwa na nan da ranta, 'yan amshin ne suka watse.

Af, na yi nisa ban taɓo ainihin tambayarka ba. Naɗa. E, ka naɗa, kada ma ka jira. Ba kai ne farau ba. A Hungari, wasu masana kiɗa biyu, Béla Bartók da Zoltán Kodály, sun fara bin ƙauyuka wajen 1906 da garmaho irin na da, mai naɗa a kan gwangwanin kaki, kowane ɗaya minti biyu ne da 'yan kai ya cika. A haka Bartók ya tara dubban waƙoƙi, na Hungari da Romaniya da Sulobakiya, har Biskra ta Aljeriya ya je a 1913, ya je Turkiyya a 1936. A nahiyar Afirka akwai Hugh Tracey, wanda ya kafa ɗakin adana kiɗa da waƙa a Afirka ta Kudu a 1954, yanzu yana Jami'ar Rhodes, kuma a 'yan shekarun nan ma'aikatan wurin suna mayar da faifan ga jikokin waɗanda suka yi waƙoƙin. Ba don waɗannan mutane ba, da abubuwa da yawa sun bi masu su ƙasa.

Sai dai akwai tarko. A Ingila, Cecil Sharp ya fara tattarawa a 1903 bayan ya ji wani mai kula da lambu yana waƙa a wani ƙauye a Somerset. Ya yi aiki babba, ba musu. Amma da aka zo bugawa sai aka ɗora wa waƙoƙin piyano, aka share kalmomin da ake ganin ba su dace ba, aka kai makarantu yara suna rerawa a tsaye ƙyam. Waƙar da take da fuska goma ta koma mai fuska ɗaya, wadda ke cikin littafi ita ce daidai, ta bakin tsoho kuma ta zama kuskure. Ka kula da wannan, don bidiyonka ma zai iya yin haka.

Ni kaina na taɓa gwadawa, shi ya sa nake maka wannan dogon surutu. Kakata, Allah ya jiƙanta, tana da waƙoƙi cike da kai. Wata rana na zaunar da ita a ɗaki, na kori yara don kada su yi hayaniya, na rufe ƙofa, na kunna waya na ajiye a gabanta. Ta gyara zama, ta jefa ɗan waƙa ɗaya, muryar nan tana rawa amma karin na nan daram. Sai ta yi shiru. Na ɗauka mantuwa ce, na ce Kaka ci gaba mana. Ta dube ni ta ce, to wa zai amsa? Na ce ki yi duka ke kaɗai. Ta gwada, ta bayar ta karɓa, ta bayar ta karɓa, kafin ɗa na huɗu numfashi ya ƙare mata, sauran kuma suka ƙi zuwa. Ta ce hannunta ba ya komai, waƙar ba za ta fito ba. Abin da na samu a ranar bai kai minti ɗaya da rabi ba, kuma rabinsa shiru ne, wurin da ta bar wa mutanen da ba sa nan. Yaran da na kora su ne ya kamata in tara. Ana cewa waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, to irin wannan masu ita suna da yawa, ni kuma ɗaya na ɗauko na kulle a ɗaki.

Wuraren da abin bai mutu ba, in ka duba, sun sama wa waƙar sabon dalilin haɗuwa ne bayan tsohon ya tafi. A ƙauyukan Alabama da Jojiya ta Amurka akwai masu rera waƙoƙin ibadarsu daga wani littafi da aka fara bugawa a 1844. Suna zama ne a kusurwa huɗu suna fuskantar juna, tsakiya fili, kowa ya fito bi da bi ya ja waƙa ɗaya ya koma, har yara. Ba dandamali, ba 'yan kallo, kuma kowane wuri yana da ranarsa a shekara da kowa ya sani. A Istoniya kuma, ƙasar da mutanenta ba su kai miliyan ɗaya da rabi ba, tun 1869 suka fara babban taron waƙa a Tartu, yanzu ana yinsa a Tallinn duk bayan shekara biyar, mawaƙa wajen dubu talatin a tsaye wuri ɗaya. Abin da ke riƙe da shi ƙananan ƙungiyoyi ne na ƙauyuka da makarantu da ke haɗuwa suna bita shekara da shekaru don su samu shiga. A 1988, suna ƙarƙashin Tarayyar Sobiyet, da waƙa suka cika wannan fili suna neman 'yanci, a 1991 suka samu. Ba ina cewa a kwaikwayi kowa ba. Rana tsayayya da wuri tsayayye, su nake nuna maka.

Saboda haka in za ka je, ga shawarata. Kada ka ware tsohuwa ita kaɗai. Ka nemo sa'o'inta biyu ko uku, ka bar yara su cika wurin, hayaniyar ma tana cikin waƙar. A sa musu abin yi a hannu, ko tafi ne. Ka nemi izininsu kafin ka kunna, ka kuma faɗa musu inda za ka ɗora, don akwai waƙar da mace za ta yi cikin 'yan uwanta mata amma ba ta yarda duniya ta ji ba, kuma tana da gaskiya. Ka tambayi wajen wa ta koya, da wane aiki ake yinta, a wane lokaci na shekara, ka bar wayar a kunne tana ba da amsa, sau da yawa labarin ya fi waƙar tsada. In sun yi waƙa ɗaya iri biyu, ka ajiye duka, kada ka zaɓi wadda ta fi maka daɗi. Ka mayar musu da abin da ka naɗa su ji. Sannan kai ma ka ajiye kunya ka koyi amshin, ka yi da bakinka, ko muryarka irin tawa ce.

Cajina ya kusa ƙarewa. Hajiya, na san kina da waƙoƙin nan a ka ko da kin ce a bar su, in ƙanenmu ya shirya ke za mu fara zo wa, ni zan riƙe amshi. Sai da safenku.