Tambayoyin maharba: cika harsashi da hannu, da abin da ya dace a saya

Wani matashi daga Mirya, wanda ya gaji farauta wurin mahaifinsa, ya rubuto: "Malam, ina ganin mutanen Amurka a bidiyo suna cika harsashinsu da kansu a gida, suna cewa ya fi na kanti saiti. Yayana da ke waje ya ce zai aiko mini da na'urar. In ce masa ya saya?"

Ƙanena, ka ce wa yayan naka ya riƙe kuɗinsa tukuna. Abin da suke faɗa a bidiyon gaskiya ne, harsashin da gwani ya cika da hannunsa yana iya fin na kamfani saiti. Sai dai na'urar da ka gani ita ce mafi ƙanƙantar abu a cikin aikin.

Harsashin bindigar zamani abu huɗu ne a haɗe: kwanson tagulla, ɗan ƙyastun da ke gindinsa wanda ke tada wuta, albarushi, sai kan harsashin da ke fita ya tafi. Kamfani yana yin harsashi ɗaya ne domin ya shiga dubban bindigogi. Mai cikawa da hannu kuwa bindiga guda yake wa aiki, yana neman haɗin da ita kaɗai take so. Duk sirrin saitin yana wuri ɗaya: kowane harsashi ya zama daidai da ɗan'uwansa. Tsawon kwanso ɗaya, nauyin kai ɗaya, zurfin da aka dasa kan a wuyan kwanso ɗaya, awon albarushi ɗaya. Albarushin nan da giren ake auna shi, giren ɗaya bai kai kashi ɗaya cikin goma sha biyar na giram ba, kuma masu aikin suna bin awon har kashi ɗaya cikin goma na giren. Ba aikin cokali ba ne, ba na ƙiyasin ido ba.

Abin da ya sa ake wannan takatsantsan shi ne ƙarfin da ke tashi a cikin bututu. Harsashin .308 Winchester, wani sanannen harsashin farauta wanda ya fito a 1952, hukumar CIP ta Turai mai sa ƙa'idar gwajin bindigogi ta sa masa iyakar matsi ta bar 4,150 (bar ma'aunin matsi ne). Tayar motarka ba ta wuce bar biyu zuwa uku ba. Wannan matsin kuma a gefen kumatunka yake tashi. Shi ya sa babu mai hankalin da ke ƙirƙiro awo daga kansa. Kamfanoni irin su Hornady da Lyman a Amurka, da Vihtavuori a Finlan, suna buga littattafan awo bayan sun gwada a ɗakin gwaji, kuma kowane awo yana ɗaure da sunan albarushi guda da nauyin kai guda. Mai aiki yana farawa daga awo mafi ƙasa, yana duba kwanson bayan kowane harbi. In ya ga ƙyastun gindin ya baje ya shafe, ko wuyan kwanso ya tsage, ko makullin bindigar ya yi tauri wajen buɗewa, ya san ya wuce gona da iri, sai ya tsaya.

To yanzu ka dubi inda muke. A ina za ka sami albarushi mai suna da lamba a cikin gwangwaninsa na asali a Damagaram? Babu shi a Kasuwar Dole, kuma yayanka ba zai iya sako shi a jakar jirgi ba, domin albarushi da ƙyastu kaya ne masu haɗari da aka hana fasinja ɗauka. In babu sanannen albarushi, littafin awo bai amfane ka da komai ba. Ga kuma doka. Riƙe bindiga a Nijar sai da takardar izini daga hukuma, kuma a wannan zamani na rashin tsaro, mutumin da jandarmomi suka samu da na'urar cika harsashi a ɗakinsa zai sha wuyar gamsar da su cewa zabin daji yake nema. Kwanson da ka tsinta a daji ma ka bar shi inda ka gan shi. Da yawa daga cikin na soja ƙarfe ne, da irin ƙyastun da ake kira Berdan, mai kwanso da huda biyu a gindi, wanda ko a Amurka masu cikawa ba su cika wahalar da kansu a kai ba, sun fi son na Boxer mai huda ɗaya a tsakiya. Kuɗin na'urar ya fi maka amfani wajen kammala takardunka da sayen harsashin kamfani ta hanyar da hukuma ta sani.

Tambaya ta biyu daga wani dattijo ce a wajen Tanut, mai bindiga da takardunsa cikakku. Ya ce da sanyi bindigarsa ba ta kuskure, amma da bazara ta shigo sai harbin ya riƙa warwatsewa, yana tunanin ko ya sayar da ita ya nemi wata.

Baba, Allah ya ƙara lafiya, kada ku sayar da ita kafin ku duba harsashin da kuke sa mata. Abin da na fi gani wurin maharbanmu shi ne jaka guda mai harsashi iri uku ko huɗu: wannan an saya bara, wancan kyauta ce daga aboki, wani ma ba a san kamfaninsa ba. Girmansu ɗaya, duk suna shiga, amma nauyin kansu da albarushinsu daban, don haka kowanne da inda yake sauka. In za ku saya, ku tsaya kan kamfani ɗaya da nauyin kai ɗaya, ku duba lambar zubin da ake bugawa a leɓen kwalin, wadda ke nuna waɗanda aka yi a zubi ɗaya, ku ɗauki kwalaye masu lamba ɗaya iya abin da izininku ya ba ku. Wannan shi ne rabin abin da masu cikawa da hannu suke wahala a kai, ku kuma kun same shi a kwali.

Zafi kuma yana da nasa hannun. Albarushi in ya ɗauki zafi yakan ci da sauri, matsi ya ƙaru, harsashi ya sauka inda ba a saba ba. A watan Afrilu da Mayu muna wuce digiri 40 a inuwa, balle kwalin da aka bari a gaban gilashin mota tun hantsi a kan hanyar Tanut, wanda in ka taɓa tagullar sai ka janye yatsa. Ku ajiye shi a inuwa, a akwati mai murfi, nesa da jikin kwanon rufi. Wanda ya yi kore-kore a gindi ko kansa ke motsi in an murza, ku fitar da shi daga jaka.

Gwajin ba shi da wuya. A wurin da babu mutane ko dabbobi, mai tudu a baya, ku kafa kwali a mita 100, ku ɗora bindigar a kan buhun yashi, ku harba biyar kuna barin bututun yana hucewa tsakani. Ku yi haka da sassafe, ku sake wani yini da rana. In biyar ɗin sun taru wuri ɗaya amma a gefe, saiti ne ke son gyara. In sun watse, ku duba kusoshin da ke riƙe da ƙotar, domin itace yana bushewa da rani ya saki. Batun inda za a harba da abin da za a harba kuwa, dokar farauta mai lamba 98-07 ta 29 ga Afrilu 1998 tana nan, kuma dajin Termit da Tin-Tumma an killace shi tun 2012. Ku bi ta wurin ma'aikatan gandun daji kafin fita.

Ta ƙarshe gajeruwa ce, amma ita ta fi tada mini hankali. Wani daga unguwar Birni, cikin masu harba bindigar toka ranar hawan salla, ya ce an yi masa tayin garin albarushin da aka zazzage daga harsashin zamani, wai ya fi ƙara kuma ba ya hayaƙi.

Ɗan'uwa, don Allah kada ka karɓa, ko kyauta ne. Bindigar toka an yi ta ne don baƙin albarushi, irin wanda aka yi aiki da shi a garin nan tun zamanin Sarki Tanimu, lokacin da maƙeran Damagaram suke zuba igwa da hannunsu. Garin da ke cikin harsashin zamani wani abu ne daban. Bafaranshe Paul Vieille ne ya fito da irinsa a 1884, kuma sai da aka ƙera sababbin bindigogi masu ƙarfen da zai iya ɗaukarsa, irin Lebel ta 1886. Bututun da maƙeri ya haɗa ba zai jure wannan matsin ba. Yakan fashe ne daga gindi, daidai inda fuskarka da hannunka suke, kuma ranar hawa kana tsakiyar jama'a, da yara a gabanka da dawakai a bayanka. Babu wani ɗan awo kaɗan da za a ce ya yi daidai, kuma gauraya shi da baƙin albarushi bai rage haɗarin ba. Ka tsaya kan wanda shugabanku na 'yan bindiga ya sani kuma ya saba rabawa, ka kai bindigar wurin maƙeri ya duba gindinta kafin salla, ka kuma sanar da shugaban cewa akwai mai yawo da wannan garin yana yi wa mutanensa tayi.