Alhaji, kafin ka ɗauki sunan kamfani: za ka iya zama yaron wani?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na fi shekara 20 ina sayar da atamfa da shadda a Kantin Kwari, ina da shago biyu da yara 6. Yanzu ina so in buɗe gidan soyayyar kaza da sunan wani kamfani da ya riga ya shahara, in biya su kuɗin suna su ba ni tsarinsu. Jari ba matsala ba ne. Niyyata ƙanena ya riƙe wurin, ni kuma in riƙa leƙawa ranar Juma'a bayan masallaci. Wane irin hali da shugabanci ake buƙata don abin ya ɗore?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sanya albarka a nema.

Ka ce jari ba matsala ba ne, na kuwa yarda. Abin da ya tsaya mini a rai shekara 20 ɗin nan ce. A Kwari kai ne wuƙa kai ne nama. Kana duban fuskar mai saye ka yanka masa farashi, ka ba wanda ka yarda da shi bashi, in dila ta yi tsada a wajen wannan ka koma wajen wancan, ba wanda zai ce maka don me. To a hayar suna duk wannan ikon za ka ajiye shi a bakin ƙofa. Za a miƙo maka littafin ƙa'ida: yawan garin da ake barbaɗa wa kaza, zafin mai, mintin da soyayyen nama zai yi a cikin gilashi kafin a janye shi, launin fenti, rigar ma'aikata, har wurin da za ka sayi kwalin zuba abinci. Wata rana kuma yaro sa'an ɗanka zai shigo da takarda a hannu, ya buɗe firij ɗinka bai nemi izini ba, ya rubuta cewa ka gaza. Hali na farko ke nan: ka iya haɗiye wannan ba tare da ka ji an ci maka fuska ba. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Da yawa daga cikin manyan 'yan kasuwarmu a nan suke faɗuwa, ba don rashin wayo ba, sai don sun saba su ne iyayen gida.

Sai batun kuɗi, don a nan ake gane amana. Kason da kamfani ke karɓa duk wata daga ciniki ake cire shi, ba daga riba ba. A ce yarjejeniya ta ce kashi 5 cikin 100 na suna, kashi 2 na talla, kai kuma ka yi cinikin naira miliyan 10 a wata. Naira 700,000 ta tafi ke nan, ko da dizal da albashi da haya sun cinye sauran ka tashi a tutar babu. A irin wannan watan ne shaiɗan ke zuwa da shawarwari masu kama da hikima: kada a shigar da wasu cinikin a na'ura, a ƙara wa man suya kwana biyu, a kashe janareta da dare tunda firij yana riƙe sanyi, a sayo kaza mai araha a bayan fage. Kowace ɗaya tana rage kashe kuɗi a yau. Kowace ɗaya kuma ha'inci ce, kuma dalili ce da yarjejeniya ke ba kamfani damar ƙwace sunansa. In suka sauke allon, kai za a bari da ginin da ka ƙawata da launinsu, da injinan da ka saya bisa umarninsu, wani lokaci ma da sharaɗin da ya hana ka sayar da kaza a wurin na wasu shekaru.

Ba zalunci ne ya sa suke wannan tsanani ba. Dubi gidan abincin nan Mr Bigg's, wanda kamfanin UAC ya fara a Marina ta Legas a 1986. An yi zamanin da ya mamaye biranen Najeriya da rassa fiye da 100, da yawansu a hannun masu hayar suna. Yau sai ka yi tafiya mai nisa ba ka ga ko ɗaya ba. Dalilan suna da yawa, har da sababbin masu gasa, amma wanda masu nazari suka fi ambata shi ne yadda inganci ya bambanta daga reshe zuwa reshe. Mai saye bai san sunan mai reshe ba. In ya ci lalataccen abinci a wani gari, sunan gaba ɗaya zai ƙaurace wa, har da naka da ba ka yi laifin komai ba.

Kada ka ɗauka ina cewa ka zama bebe. A 1962 wani mai reshen McDonald's, shahararren kamfanin gidajen abinci, a Cincinnati ta Amurka, Lou Groen, ya ga cinikinsa yana mutuwa duk ranar Juma'a, saboda yawancin mutanen unguwar mabiya ɗarikar Katolika ne da ba sa cin nama a ranar. Bai saci jiki ya fara soya kifi a ɓoye ba. Ya kai maganar gaban Ray Kroc, mai kamfanin, wanda da farko bai so ba, yana da nasa tunanin na burodi da yankan abarba. Aka amince a gwada biyun rana ɗaya, kifi ya yi nasara da rata mai yawa, har yau kuma ana sayar da wannan burodin kifin da sunan Filet-O-Fish. Kai ma za ka ga abin da hedikwata a Legas ba ta gani. Ka san yadda Kano take a watan azumi, rana shiru, bayan Magariba cunkoso har tsakar dare. Ka rubuta alƙaluman cinikinka awa bayan awa, ka kai musu, ka nemi a canja maka lokutan aiki ko a yarda ka haɗa kunshin buɗa-baki. Da hujja ake shiga, ta ƙofa.

Yanzu ƙaninka, da leƙen ranar Juma'a. Gaskiya ban so wannan tsarin ba. McDonald's ta kafa makarantar horar da masu rassanta tun 1961, kuma sharaɗinta ne mai reshe ya tsaya a kan harkar da kansa, ba ya zuba kuɗi ya koma gefe ba. Atamfa in ta kwana ba a saya ba, gobe tana nan. Kaza kuwa ba ta jiran Juma'a. Tambayar da zan yi maka ɗaya ce: in ƙanin nan ya gaza, za ka iya sallamarsa, Hajiya tana raye? In amsar a'a ce, to ba manaja ka naɗa ba. Ko dai ka ɗauki wanda ya san aikin ka biya shi da kyau, ƙanenka ya koya a ƙarƙashinsa, ko kuma ku zauna gaban shaidu ku rubuta albashinsa, abin da ake so ya cim ma, da abin da zai sa a sauke shi. Ka kuma yanke tun ranar farko cewa babu ci kyauta, babu bashi. In abokinka ya zo kana son karrama shi, zaro kuɗi daga aljihunka ka biya a kanta ma'aikata suna kallo. Sau biyu za ka yi, kowa ya gane dokar.

Ma'aikatan ma ba yaran shago ba ne. Yaronka na Kwari yana haƙuri da ƙaramin abin da kake ba shi don yana hangen ranar da za ka sallame shi da jari. Mai soya kaza ba ya hangen komai sai ƙarshen wata. In albashi ya yi jinkirin sati ɗaya, zai biya kansa da cinya da fiffike, ko ya tafi da horon da ka kashe kuɗi a kai. Biya a kan lokaci, ba su hutunsu da lokacin salla, kada ka tsawata wa kowa gaban masu saye.

Kafin ka sa hannu, ba lauya takardar ya karanta maka ita da Hausa sakin layi bayan sakin layi. Ka tabbatar da wane kuɗi za ka riƙa biya, naira ko dala. Wanda ya ɗauki alkawarin dala kafin Yunin 2023, lokacin tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, ya wayi gari a 2024 tana haura 1,400. In kamfanin na waje ne, sai an yi wa yarjejeniyar rajista a NOTAP, hukumar gwamnatin tarayya mai kula da yarjejeniyoyin shigo da fasaha daga waje, kafin ka iya tura kasonsu ta banki a farashin hukuma. Ka tambayi iyakar yankinka, kada gobe su ba wani izini a titi ɗaya da kai. Ka nemi masu rassa uku ka zauna da su, ɗaya ya kasance wanda ya riga ya rufe nasa.

Sannan ka roƙi kamfanin su bar ka ka yi sati biyu a wani reshensu, ka ajiye babbar riga ka sa tasu, ka tsaya a kicin da wajen karɓar kuɗi tun buɗewa har ƙirgen kuɗin dare, manaja yana ba ka umarni. Ka tafi da ƙanenka ku yi tare. Bayan nan ka sake rubuto mini, mu duba lissafin haya da wurin da za ka kafa.