'Yata ta gama karatun kula da jin daɗin jama'a, in buɗe mata biro?

Wani Alhaji mai sayar da atamfa da shadda a Kasuwar Dole ta Damagaram, a Nijar, ya aiko da tambaya. 'Yarsa ta kammala karatun aikin kula da jin daɗin jama'a, wanda nan aka fi sani da asistan sosiyal. Shekara guda ke nan tana jiran a ɗauke ta aikin gwamnati, shiru. Yanzu ta ce za ta tsaya da ƙafarta. Ya ware sefa miliyan ɗaya da rabi, yana so ya kama mata shago a bakin titi, a zuba tebur da kujeru, a kafa allo. Tambayarsa ita ce, kuɗin za su dawo?

Alhaji, Allah ya saka da alheri da ka tsaya wa karatun 'ya mace har ta kai ga takarda. Amma kada ka kama shagon nan yanzu.

A rumfarka, wanda ke son turmin atamfa shi ne mai ciro kuɗi daga aljihu. A sana'ar 'yarka ba haka abin yake ba. Mai buƙatarta ita ce matar da aka saki da 'ya'ya huɗu, ko yaron da aka maido daga Aljeriya ba a san ƙauyensu ba, ko majinyacin da ke kwance a babbar likita ta Damagaram da takardar magani a hannu ba ko dala. Ba ɗaya daga cikinsu da zai iya biya, kuma bai kamata a tambaye shi ba. In ta kafa allo ta zauna, mutane za su cika biron, ni ba na shakka, sai dai duk wanda ya shigo da kukansa zai shigo, ita ce ma za ta riƙa ba da kuɗin kabu-kabu. Wata shida ya isa kuɗin haya ya cinye jarin.

Saboda haka abin da za ku fara zama ku tantance shi ne wa zai biya. Na farko su ne ƙungiyoyin agaji, na gida da na waje. Sukan ɗauki mutum na 'yan kwanaki ko 'yan watanni don binciken halin da iyalai ke ciki, neman dangin yara, horar da kwamitocin kare yara na ƙauyuka, ko bin diddigin waɗanda aka ba tallafi. Jiharmu ba ta rasa irin wannan aiki: mata da ƙananan yara na yankin Kantche da ke tafiya Aljeriya ana maido su, tamowa a wajen Magarya lokacin bazara zuwa damina, matasan unguwar Kara-Kara, almajirai. Amma ƙofar nan ta ƙuntata. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 wasu masu ba da tallafi sun janye hannu, a farkon 2025 kuma Amurka ta dakatar da yawancin agajinta na waje. Wanda ya jingina da ƙungiya ɗaya tak, ranar da furojen, wato shirin aikin ƙungiyar, ya ƙare ranar abincinsa ya ƙare. Don haka ta nemi ƙofa ta biyu: makarantun kuɗi da ke fama da yaran da ke barin karatu, ɗakunan shan magani masu zaman kansu, gidajen marayu. Waɗannan ba sa iya ɗaukar ma'aikaciya ta dindindin, amma suna iya biyan yini ɗaya a mako. Har ku manyan 'yan kasuwa masu fitar da zakka, da yawanku kuna son wanda zai shiga unguwa ya tantance mabuƙaci na gaskiya, ya rubuta, ya dawo da bayani. Wannan ma aiki ne da ake biya, daga aljihun mai bayarwa.

Kuskuren da na fi gani shi ne wajen yanka farashi. Sabon shiga yakan ɗauki albashin wata ya raba talatin, ya ce kuɗin yininsa ke nan. Mu ɗauka misali tana buƙatar jika 150, wato sefa dubu 150, a wata don ci da sha, mai, katin waya da ɗan ajiya. Mai zaman kansa ba ya samun aikin biya kullum. In ta samu kwana 8 a wata a shekarar farko, ta gode Allah. Sauran kwanakin na neman aiki ne da rubuta rahoto da bin bashi. Jika 150 a raba 8, kusan jika 19 ke nan a yini, kafin lanho, wato haraji. In ta karɓi jika 5 don kunya, ita ce ke ciyar da aikin. Kuɗin mota zuwa Matamaye ko Tanut da na kwana kuma daban ake rubuta su, ba a cusa su cikin ladan aiki.

Ta yi komai a rubuce. Ni kaina na taɓa yi wa wata ƙungiya aikin kwana goma sha biyu a kan alkawarin baki. Wanda muka yi maganar da shi aka canza masa wurin aiki, na yi wata biyar ina sintiri da rahotona a cikin jaka, ƙarshe rabi aka ba ni. Tun daga ranar ba na tayar da babur sai da takarda mai sa hannu, wadda ta faɗi aikin, kwanakin, kuɗin da ranar biya, kuma ina neman kaso ɗaya cikin uku tun farko.

Takardun hukuma ka fi ni sanin hanyarsu. Lambar NIF ta ofishin lanho, wato lambar shaidar mai biyan haraji, ita ce kan gaba, domin ƙungiya mai tsari faktir take nema, wato takardar neman biya, faktir kuma sai da lambar. Ku je tare, ka tambayi rukunin lanhon da ya dace da mai sayar da aikin hannu da ƙwaƙwalwa, ba mai sayar da haja ba. Ta buɗe asusun da ba a taɓa shi don cefanen gida.

Akwai abin da kuɗi ba ya saya, kuma a nan ne nake roƙonka ka ja mata kunne. Jarin wannan sana'a amana ce. Damagaram gari ne da kowa ya san kowa. Sirrin gida ɗaya ya fita daga bakinta a wurin biki, an gama da ita. Kada ta sa hoton yaro ko na majinyaci a Facebook ko WhatsApp da sunan talla. Ta kuma san iyakarta: ɗauke yaro daga hannun iyayensa ko ba da shi riƙo hurumin alƙalin yara ne da ma'aikatar gwamnati, nata shi ne ta kai rahoto ta bi sawu. In ba ta taɓa aiki ƙarƙashin gogaggiya ba, wata shida na sa kai ko bautar ƙasa a sashen jin daɗin jama'a na likita zai ba ta abin da allo ba zai ba ta ba, wato mutanen da za su ambaci sunanta in aiki ya taso.

Game da miliyan ɗaya da rabin, ga yadda zan yi in nawa ne. Kwamfuta ta hannu mai kyau ko da ta gwanjo ce, waya mai riƙe caji, kuɗin takardu, da abin hawa in ba ta da shi. Ɗaki ɗaya a gida ya isa wurin rubutu, tunda aikin a gidajen mutane yake. Sannan a ajiye mata abin da zai riƙe ta wata huɗu, saboda biyan ƙungiyoyi yakan yi jinkiri. Ragowar ka bar shi yana juyawa a rumfa. Ku sa wa'adin shekara guda. In a lokacin tana da masu biya uku daban-daban, kuma kuɗin wata shida a jere sun rufe buƙatunta, sai ku fita neman biro, ita ta biya rabin hayar daga abin da ta samu.