Filin Tambaya da Amsa: Wane irin kare zan ajiye don gadin gida?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita, sannu da ƙoƙari. Ni ɗan kasuwa ne a Kano, ɓarayi sun matsa mana da tsallako katanga suna kwashe batirin sola har da kaji, shi ne nake son ajiye kare. Abokina ya ce in sayi Caucasian wai ko zaki ya gani ba ya ja da baya, to amma gidan namu fuloti ɗaya ne ga yara ƙanana, kuma uwargida ko zancen ba ta son ji. Don Allah a ba ni shawara.

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya tsare gaba. Gaskiya abokin nan naka girman karen kawai ya kalla. Caucasian asalinsa karen makiyaya ne na duwatsun Kafkas, wajen Jojiya da Armeniya inda ƙanƙara ke zuba, gashinsa ninki biyu ne, to ka ɗauko shi ka kawo Kano a watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40, za ka same shi kwance a gindin tankin ruwa ya zaro harshe yana haki, kaska ta cika masa cikin gashi ba ka ma ganinta sai ya fara rama. Ga ci, ga ƙarfi, yana wuce kilo 50, in bai samu horo tun yana ɗan kwikwiyo ba ranar da ya fizge sarƙa kai kanka sai ka nemi ɗaki. Haka Boerboel na Afirka ta Kudu da Rottweiler, sun fi Caucasian jure zafi amma ba karen mai koyo ba ne, balle a gidan da yara ke shige da fice.

In dai dole sai na Turawa kake so, Alsatian ya fi sauƙin koyarwa kuma yana sabawa da mutanen gida, sai dai yana son fili da yawo kullum, in aka ɗaure shi wuni guda sai ya koma haushin banza da tonon ƙasa, kuma irin nasu suna yawan samun ciwon ƙugu in sun manyanta.

Ni dai a irin gidanka karen gida namu na gargajiya zan ce ka nema, wanda mutane ke rainawa. Ya saba da rana, tuwo da miya marar albasa da ɗan ƙashi ko kan kifi sun ishe shi, ga kunne, motsi kaɗan a bayan katanga ya tashi unguwa. Ɓarawon batiri ai ba cizo yake jira ba, haushin ne ke korarsa. Ka je wajen mafarauta ko wanda ka ga uwar a hannunsa, ka ɗauki kwikwiyo mai sati 8, kar ka raba shi da nono kafin nan, ka duba idonsa garau yake, cikinsa bai kumbura da tsutsa ba.

Maganar uwargida kuwa kar ka yi wasa da ita, don ita ce a gida in ka tafi kasuwa. Wataƙila batun tsarki ne ke damunta, hadisi ya yi rangwame kan karen farauta da na kiwo da na gona, malamai da dama sun haɗa da gadin gida in akwai buƙata, ku tambayi malaminku tare. Ka gina masa ɗan ɗaki mai inuwa can kusa da get, nesa da kicin da wurin alwala, da kwanonsa daban.

Sai allura, wannan ba zaɓi ba ne. Yana cika wata 3 a yi masa rigakafin haukan kare a riƙa sabuntawa duk shekara, cibiyar binciken dabbobi ta Vom kusa da Jos ma tana haɗa ta, asibitin dabbobi mafi kusa da kai za su ba ka kati, su ƙara da ta parvo mai kashe kwikwiyo da gudawar jini. In ya ciji ko ya yakushi yaro a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15 a wuce asibiti nan take, kar a tsaya shafa toka ko manja. Kuma a hana yara ba shi cakulan da albasa da ƙashin kaza dafaffe.