Kabewa Na Fure, 'Ya'ya Na Zubewa

Tambaya: Malam, na shuka kabewa a bayan gidanmu a Mai Wurno. Ta yi yaɗo, kullum fure, amma 'ya'yan zubewa suke tun suna ƙanana. Daga wata uwargida, jihar Sinnar, ƙasar Sudan.

Amsa: Hajiya, fure iri biyu kabewa ke yi. Na mace yana da ɗan kumburi a gindinsa, namijin kuwa siririn tsinke ne kawai. Ƙudan zuma ke kai garin namijin cikin na mace, in babu su ɗan ba zai ɗauru ba. Da sassafe, kafin furen ya rufe, ki tsinko namiji, ki cire ganyen furen, ki goga tsakiyarsa a cikin na mace. Don Allah ki bar fesa maganin ƙwari lokacin fure, yana kashe zumar.