Ku Tambaya Mu Amsa: Shatar Mota Daga Marwa Zuwa Injamena

Tambaya: Assalamu alaikum. Zan kai iyalina biki Injamena, mu shida, kuma ina so in ɗauki shatar mota da direbanta. Me zan duba kafin in biya? Daga wani mai karatu a Marwa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Fara da takardu, don sun fi taya saurin tsayar da mota a gadar Ngeli da ke tsakanin Kusuri da Injamena, a kan iyakar Kamaru da Chadi. Ka ga takardar mallakar motar da idonka. In sunan da ke ciki ba na direban ba ne, to sai mai motar ya rubuta masa izinin fita da ita daga Kamaru, hukuma ta buga hatimi. Ba tare da wannan ba, jandarma na da ikon zargin motar sata ce. Sai lasin direba, takardar gwajin lafiyar mota, da inshora mai haɗe da Carte Rose, katin da ke aiki a ƙasashe 6 na CEMAC, ƙungiyar tattalin arzikin Afirka ta Tsakiya, har da Chadi. Duba ranar ƙarewarsa.

Ciniki a rubuta shi: kuɗin yini nawa, wa zai sayi mai, wa zai biya kuɗin shingen hanya da na duwan (kwastan), ina direba zai kwana, wa ke ciyar da shi. Yawancin rigima kan kwanakin jira ake yinta, mota na ajiye a gidan biki mai ita yana lissafi. Ba da rabin kuɗi, sauran sai an dawo.

Hanyar Mora, Waza, Dabanga ta kai wajen kilomita 260 zuwa Kusuri, kuma tana cin mota, balle da damina. A nemi mai tudu, da safaya mai iska da jak. A cika tanki a gidan mai tun daga Marwa. Zuwa-zuwa, wato man bumburutu na kwalba, kan zo da ruwa ko datti, ya toshe matatar mai a inda babu bakanike. A tashi bayan asuba, kada dare ya riske ku a wajen Waza saboda tsaro.

Mu dai da za a bi tamu, in kwana biyu kacal za ku yi, motar ta tsaya Kusuri, ku ƙetare, ku ɗauki ta Chadi wadda direbanta ke jin Larabcin garin.