Me ya sa Italiya ta fi Holan kashe kuɗi kan fansho?

Malam, ka tambayi dalilin da gwamnatin Italiya ke kashe kusan kashi 16 cikin ɗari na arzikin ƙasa kan fansho, Holan kuwa ba ta kai rabin haka ba. Tsarin ne ya bambanta. A Italiya da Faransa, gudummawar masu aiki yau ake biyan tsofaffi da ita, kuma tsofaffin ƙaruwa suke yi. A Holan da Ostireliya, wadda ta wajabta tarin fansho tun 1992, asusun da ake tara wa ma'aikata kuɗin fanshonsu tun suna aiki ne ke ɗauke da kaso mai tsoka na biyan fansho.

Kada ka kalli kuɗin gwamnati kaɗai, domin rangwamen harajin da asusun ke samu ma kuɗin jama'a ne. Duba alƙaluman OECD, wato ƙungiyar ƙasashe ta haɗin kan tattalin arziki da ci gaba. In shawarar fanshonka ce, nemi ƙwararre mai lasisi.